Taron masu binciken salsala da manhajojin ajiye nasaba: daga ina zan fara?

Jikan Fatake ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Shekara biyu ke nan ina tattara sunayen danginmu na wajen uba a cikin littafin makaranta mai shafi 80, yanzu kuwa ya cika, har na koma rubutu a gefe-gefe ina jan kibiyoyi waɗanda ni kaina ba na gane inda suka dosa. Abin da ya zaburar da ni shi ne rasuwar baffana bara, domin a zaman makoki muka fahimci cewa an binne shi da sunaye masu yawa waɗanda ba wanda ya taɓa tambayarsa. Wadda ta rage mana ita ce gwaggona, ta haura shekara 80, kuma daga bakinta na ji cewa ƙanin kakanta ya bi ayarin fataucin goro zuwa Gwanja bai dawo ba, ana cewa zuriyarsa tana Kumasi, wani ɗan'uwan nasu kuma ya tafi hajjin ƙasa ya tsaya a Sudan.

Tambayata biyu ce. Na ga ana maganar wani taro na masu binciken nasaba a Amurka mai suna RootsTech. Shin yana da amfani ga irinmu, har mutum ya yi tunanin biza da kuɗin jirgi? Sannan wace manhaja ce ta dace da mu? Wadda na gwada a waya ta fara da tambayata sunan iyali da ranar haihuwar kakana, ni kuwa ba ni da ko ɗaya daga cikinsu.

Maman Husna ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baffa, ya ƙara wa Gwaggo lafiya. Na bi wannan taro ta intanet sau biyu, saboda haka zan faɗi abin da na gani. Ƙungiyar FamilySearch ce take shirya shi a birnin Salt Lake na jihar Utah tun 2011, yawanci ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, kuma an taɓa kai shi Landan a 2019. A 2021, saboda annobar korona, an mayar da shi kacokan kan intanet kyauta, masu shirya shi suka ce mahalarta sun haura miliyan 1, kuma tun daga lokacin ba a rufe ƙofar intanet ɗin ba. A ganina, ka bar maganar biza. Mun riga su da awa 8, wato laccar ƙarfe 9 na safe a can tana faɗowa ƙarfe 5 na yamma a nan, wanda kuma ya rasa ta zai tarar an ajiye da yawa daga ciki a shafinsu.

Amma ka shiga da sanin cewa mafi yawan laccocin an gina su ne kan takardu: rajistar baftisma ta coci, ƙidayar jama'a da ake rubuta sunan kowane ɗan gida, jerin fasinjojin jirgin ruwa. Kakanninmu ba su bar irin wannan sawu ba. Abin da na amfana da shi dabarun aiki ne, kamar yadda ake yi wa tsoho tambaya ba tare da an sa masa magana a baki ba, da yadda ake ɗaukar hoton tsohuwar takarda, da kuma ƙa'idar cewa kowane suna da ka rubuta sai ka rubuta wanda ya faɗa maka shi da ranar da ya faɗa. FamilySearch ma ta gane wannan giɓi, shi ya sa take da shirin naɗar salsala daga bakin dattawa a ƙasashen Afirka, ciki har da Ghana da Najeriya.

Wani abu ya kamata ka sani tun kafin ka zuba sunayen iyayenka a can. FamilySearch mallakar cocin nan ce da aka fi sani da Mormon, tushenta kuma wata ƙungiyar nasaba ce da aka kafa a Utah a 1894, kuma himmarsu ta samo asali ne daga aƙidarsu ta yi wa magabatansu da suka mutu baftisma. Ƙa'idar cocin ita ce mabiyi ya gabatar da sunayen danginsa kawai. Sannan jadawalinsu na gamayya ne: bayanan rayayyu a ɓoye suke, amma na mamata kowa yana gani, kuma wani mai rajista yana iya gyara abin da ka rubuta. Ni dai ina bincike a taskarsu, amma salsalar gidanmu tana kwamfutata.

Injiniya Ɗan Zazzau ya rubuta:

Na goyi bayan Hajiya. Ni da Gramps nake aiki, manhaja ce ta kyauta da ake saukewa a kwamfuta, ba ta bukatar intanet bayan an sauke ta, kuma ba ta tilasta maka cike gurbin da ba ka da abin sa masa. Amma kowace ka zaɓa, ka tabbata tana iya fitar da bayananka a tsarin GEDCOM, wanda aka ƙirƙiro tun 1984 kuma shi ne kusan duk manhajojin nasaba suke karantawa. Na koyi wannan da wahala: na taɓa zuba mutum sama da 300 a wata manhajar waya, aka sace wayar a tasha, na nemi shiga da sabuwa ya gagara, sai da na koma wurin tsofaffi ina maimaita tambayoyin da na riga na yi, biyu daga cikinsu kuma na tarar sun riga mu gidan gaskiya.

Game da suna, kada ka ƙaƙaba wa dangi sunan iyali irin na Turawa. Ka sa sunan yanka a gurbin farko, sunan uba a na biyu, sannan ka jera sauran a matsayin laƙabi. Wannan shi ne inda aikin yake, domin saboda alkunya da sunayen rana mutum ɗaya yana iya zama Muhammadu a wurin liman, Ɗanjuma a wurin uwarsa, Baba Ƙarami a wurin ƙannensa tun da sunan kakansu ya ci, a takardar makaranta kuma an liƙa masa sunan garinsu, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari da sunayen garuruwansu. Idan ba ka yi hattara ba, za ka mayar da mutum ɗaya mutum huɗu, ko ka haɗe Abubakar uku su zama ɗaya. Mata kuma ka bar su da sunan ubanninsu, kada ka sa musu na miji.

Kowace matar aure a buɗe mata nata gida a cikin manhajar, ko da ta fita tun da daɗewa, domin a nan ne ake rarrabe 'yan uba da 'yan ɗaki ɗaya. Gramps tana bambanta ɗan haihuwa da ɗan riƙo da agola. Shayarwa ce ba ta da gurbi na musamman, sai ka rubuta ta a wurin ƙarin alaƙa, kuma kada ka tsallake ta, tun da tana haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa. Kwanan wata kuwa ana iya sa «wajen 1920» ko «kafin 1936», kuma tana karɓar kalandar Hijira, abin da zai yi maka amfani idan ka ci karo da haihuwar da wani malami ya rubuta a bangon littafinsa. Ranar 1 ga Janairu da ke cike da takardun rantsuwar shekaru kada ka ɗauke ta da gaske.

Tsohon Malamin Tarihi ya rubuta:

Ɗana, ka ajiye maganar manhaja zuwa mako mai zuwa, ka tafi wurin gwaggonka gobe da waya mai caji, ka nemi izininta ka naɗi muryarta. Kada ka ce mata «a wace shekara», ka ce «a zamanin wane sarki», ko «kafin me». Mutanenmu da abubuwan da suka faru suke ƙirga lokaci, mu kuma sai mu mayar da su lambobi: shigar Turawa Kano a 1903, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta wajen 1914, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, canjin hannu na tuƙi a 1972, canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Kuma ka tambaye ta dangin uwa, domin mata ne suke riƙe da wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, maza kuwa yawanci jerin ubanni kawai suke kawowa. Kada ka wuce awa ɗaya a zama guda. Tsoho idan ya gaji yakan ce «haka ne» don ka tashi.

Takardu ma akwai, sai dai ka san abin da za ka tarar. Taskar Adana Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da fayilolin Lardunan Arewa, kuma rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta don tsara haraji suna kawo tarihin garuruwa da jerin hakimai da dagatai, amma talaka ba kasafai sunansa yake fitowa ba sai ta hanyar shari'a. Shi ya sa nake ganin rajistar rabon gado ta kotunan alƙalai ta fi komai daraja ga irin aikinka, domin alƙali ba ya raba gado sai ya lissafa matan mamaci da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da hukumar tarihi da al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa. Kafin duk waɗannan, ka nemi a buɗe maka tsohuwar adaka da gafakar gidanku, ka ɗauki hoton duk abin da gara ta rage, ko da ajami ne ba ka iya karantawa ba.

Sai gargaɗi biyu. Kusan kowane gida yana da labarin cewa asalinsa daga gabas yake, ko daga wani sarki ko waliyyi. Ka rubuta shi a matsayin abin da aka ce, da sunan wanda ya ce, kada ka ɗinke giɓin ƙarni biyar da zato. Na biyu ya fi nauyi. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya, saboda haka a cikin bincike kana iya cin karo da kaka wadda ƙwarƙwara ce, ko reshen da asalinsa daga rinji ne, wato ƙauyen bayi. Irin wannan bayani ya taɓa ɓata aure, kuma ba naka ne kai kaɗai ba, don haka ba a zuba shi a zauren WhatsApp na dangi.

Ɗan Zango ya rubuta:

Yaya, ina gaishe ka daga Kumasi. Kada ka tsaya a kan garinmu kaɗai, domin bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake sun watse zuwa wurare irin su Kete Krachi da Yeji da Kumasi da Accra, sannan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta Ghana a 1969 ta mayar da iyalai da yawa Najeriya, saboda haka waɗanda kake nema a Ghana suna iya kasancewa a Fagge. A nan ba a neman mutum da sunansa kawai. Ka samo laƙabinsa, da garin da ya fito, da rukunin fataken da ya fito, ko Ba'agale ne ko Batokare ko Bakambarin Barebari, da sunan maigidan da ya sauke shi, sai a kai wa Sarkin Zango ko limamai. Na Sudan kuma a fara tambaya ta Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ko da yake yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa mutane da yawa daga gidajensu.

Wataƙila a taron za ka ga ana tallar gwajin ƙwayoyin halitta da ake yi da yawu. Gwajin yawanci yana haɗa ka ne da wanda shi ma ya yi a kamfani ɗaya, mutanen zango kuwa ban san wanda ya yi ba, kuma bayan kakanni biyar ko shida alamar takan dusashe. Ga kuma batun amana, tun da an yi wa kamfanin 23andMe, mai yin irin wannan gwaji, kutse a 2023, ya kuma shigar da takardar karyewar arziki a Maris 2025. Malamanmu ma suna tunatar da mu hadisin da ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, wato ba a rushe nasabar da aure ya tabbatar saboda sakamakon gwaji. Idan Gwaggo ta tuna laƙabin mutumin, ka turo mini, zan tambayi dattawan masallacinmu ranar Juma'a.

Jikan Fatake ya rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na je wurin Gwaggo jiya bayan la'asar, na naɗi minti 40. Ta ce ba ta san sunansa na yanka ba, domin a gidan ba a faɗarsa, sunan surukin kakarta ne. Na Gwanja kawai ake ce masa, amma ta tuna cewa ya taɓa aiko da goro da wani zane ta hannun wani mai jakai, kuma zanen yana cikin adakar yayarta a ƙauye. Asabar zan je in gani.