An kawo kwamfutar buro, ta ina za a fara?

Hadiza: Assalamu alaikum 'yan zaure. An kawo mini kwamfutar tebur a buronmu da ke unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, Dell ce ta hannu, ta Jibiya aka shigo da ita. Sauran injinan duk suna kan domen, wato tsarin da babbar kwamfutar buro (uwar garke) ke kula da shigar kowa, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. Mai kula da rezonmu yana Yamai, ya ce in haɗa komai sannan in kira shi. Ko kuran ban sa mata ba tukuna.

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam. Kin kyauta da ba ki kunna ba, ɗiyata. Juya bayanta ki duba kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wasu tsofaffin injinan da aka yi wa kasuwar Amurka suna da ɗan jan makunni, gefe guda 115, gefe guda 230. Kuranmu 220 ne, sai ki tabbata yana kan 230. Na taɓa ganin wadda aka jona tana kan 115, ƙara ɗaya ta yi sai hayaƙi. In babu makunnin, da kanta take daidaitawa. Kuma in kan wayar mai ƙafa uku ne irin na Najeriya, a sayi waya irin tamu, kar a dinga cusa shi da ƙarfi.

Lawali: Sannan ta cikin ondular, akwatin batirin nan mai riƙe wuta in an ɗauke, za ta sha wuta, anti. Ɗauke kuran ana tsakiyar saita inji shi ne ke lalata aikin gaba ɗaya.

Hadiza: Akwai ondular. Makunnin ma na gani, yana kan 230. Da wifi zan haɗa?

Lawali: A'a, da waya. Ranar farko dole injin ya ga uwar garke kafin ya yarda da sunanki, kuma sau da yawa wifi ba ya kamawa sai bayan an shiga. Sa kabul ɗin a ramin baya har ki ji ya yi ƙas, ki ga 'yar fitila tana ƙiftawa. Bayan shigar farko yana tuna ki, ko rezo ya yanke za ki iya buɗewa.

Sabi'u: Ni shawarata a kai ta kasuwa a goge komai, a zuba sabon Windows. Awa ɗaya an gama.

Malam Isuhu: Sabi'u, ban yarda da wannan ba. Masu zubawa a kasuwa ba sa tambaya ko injin na buro ne. In suka sa Windows Home, ba ya shiga domen ko kaɗan, sai Pro ko abin da ya fi shi. Ga kuma manhajojin da ba a san asalinsu ba, ka kawo su cikin rezon da takardun albashin mutane ke ciki. Wasu buro ma ta rezo ake zuba tsarin, a danna F12 lokacin kunnawa, injin ya ɗauko komai daga uwar garke. Wannan hukuncin mutumin Yamai ne, a bar masa.

Sabi'u: Gaskiya ne Malam, na gida nake tunani. Amma ta tambaye shi ko injin zai ɗauki Windows 11, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 sai da TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro a cikin injin, kuma tsofaffi da yawa ba su cika sharaɗi ba.

Hadiza: Ta kunnu, Pro ce alhamdulillahi. Na kira shi, mun sa mata suna, amma da muka zo shiga domen sai ta ƙi.

Zainabu: Yaya Hadiza, dubi agogon da ke ƙasan allo. Wace shekara ya nuna?

Hadiza: 2016 ya rubuta!

Zainabu: To ga matsalar nan. In agogon inji ya saɓa da na uwar garke fiye da minti 5, ba a karɓar shaidarsa, balle shekaru. Akwai ɗan batir kamar kwabo a cikin akwatin, CR2032, shi ke riƙe lokaci in an kashe. Na injinan hannu yawanci ya mutu. Masu gyaran agogo a babbar kasuwa suna da shi. Yanzu dai gyara kwanan wata da hannu, ki zaɓi lokacin Afirka ta Yamma ta Tsakiya, UTC+1. In ba a canza batirin ba, duk ranar da aka zare wuta sai ya koma baya.

Lawali: Ki kuma karanta wa mutumin Yamai adireshin IP, lambar da rezo ke ba injin. In ya fara da 169.254, injin bai samu adireshi daga rezo ba ke nan, a duba kabul ko ramin bango. DNS kuma, mai nemo injina da sunansu, na uwar garken buro za a sa, wanda ya sa 8.8.8.8 zai samu intanet amma ba zai ga domen ba.

Hadiza: Ta shiga domen, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: kalmar sirrina ta ƙi, sau biyu ke nan, kuma na tabbata daidai nake bugawa.

Malam Isuhu: Tsaya nan, kar ki ƙara, wasu buro suna kulle suna in an yi ta kuskure. Haruffan farko na madanninki, AZERTY ne ko QWERTY?

Hadiza: QWERTY. Tsohon nawa AZERTY ne.

Malam Isuhu: Shi ne. Kayan da ke zuwa ta Najeriya tsarin Ingilishi ne, mu kuwa hannunmu ya saba da na Faransanci. A da Q sun yi musanya, Z da W haka, M ya bar wurinsa, lambobi kuma a AZERTY sai an riƙe Shift. Tunda ɗigo-ɗigo kike gani, ba za ki lura ba. A kusurwar dama ta ƙasa za ki ga FRA ko ENG. Gwada buga kalmar a gurbin suna ki ga abin da ke fitowa, ki goge, sannan ki zaɓi wanda ya dace. In tsohon madannin na nan, jona shi ki zaɓi FRA.

Hadiza: Na jona tsohon, na shiga. Ga fayilolin buro nan duka, har firinta ta fito da kanta.

Zainabu: Madalla. Ki ɗaga akwatin daga ƙasa, ki ba shi tazara da bango, ƙurar hunturu da zafin Afrilu ba sa raga wa fanka. Gobe zan bi ta kasuwa, in kina so in riƙo miki batirin.

Hadiza: Riƙo biyu don Allah, ta akantanmu ma agogonta na ja da baya.