Neman taimako: wace kalma za mu sa wa "hike"?

Malamar Agege: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara wani ɗan labari daga Turanci da za a karanta wa yara a rediyo ranar Asabar, kuma dole in miƙa shi gobe Juma'a kafin la'asar. Labarin wani iyali ne da suka hau zuwa kogon Timpanogos a jihar Utah ta Amurka cikin watan Oktoba. Hanyar mil ɗaya da rabi ce kacal, amma cikin wannan ɗan taƙin mutum zai yi sama fiye da mita 300, sannan ya shiga kogon da sanyinsa bai wuce digiri 7 ba. Kogo kam muna da shi. "Hike" da "autumn" ne suka ƙi ci suka ƙi cinyewa.

Ɗan Obalende: Wa'alaikumus salam. Tattaki mana, Malama. Ta biyun kuma kaka.

Bazazzagi: Tattaki da nisa yake tafiya. Mutumin da ya taso daga nan Legas ya taka har Abuja a 2015 don taya Buhari murna, shi ya yi tattaki. Mil ɗaya da rabi kuwa mai tallan goro yana ninka shi kafin azahar. Wahalar wannan tafiyar a hayi take. Ki sa hawan dutse.

Malamar Agege: Na yi tunaninsa, Yaya. Tsorona kada yara su ɗauka masu igiya ne da ke manne wa jikin dutse. Wannan gyararriyar hanya ce, a tsaye ake takawa, sai dai numfashi ya gaya maka.

Baba Mai Ƙamus: 'Yata, ki rubuta taka-tsauni. Ginin Hausa ne tsantsa, aikatau da suna, kamar hana-salla da share-fage. Shekaru ina roƙon a karɓe ta. Taka ta kawo ƙafa, tsauni ya kawo hayi, me ya rage?

Ɗan Obalende: Baba, Allah ya ƙara girma, amma wa ya san ta ban da ku? Yaranmu in makaranta ta kai su dutsen Olumo a Abekuta, "haikin" suke cewa sun je.

Baba Mai Ƙamus: To ai ciwon ke nan. Da "haikin" da "oya mu tafi" duk Hausar Legas ce, kuma rediyo ba wurin koya wa yara ita ba ne.

Hajiyar Idi-Araba: Baba, ku yi haƙuri, wannan maganar ta yi mini zafi. Cinikin goro ya kawo kakana Agege, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, kuma Hausa muke yi a gida har gobe, Yarabawa na kewaye da mu ta ko'ina. Wanda ke Kano bai sha wahalar riƙe harshen ba kamar mu. Mota da tebur da asibiti, daga ina suka zo?

Bakano: Hajiya, kada a sako Kano ciki. Mu dai cewa muke mun hau Dala, ba wanda ya taɓa nema wa abin suna.

Malamar Agege: Don Allah a dawo, lokaci na tafiya. Maganar Bakano ta tuna mini da ɗana ranar da muka je Olumo. Ya sunkuya ya leƙa kogon da Egbawa, wato Yarabawan Abekuta, suka ɓuya lokacin yaƙi, ya fito gwiwa duk ƙura yana haki, ya ce, "Mama, wannan hawa ne." Hawa kawai ya ce, kuma na gane.

Bazazzagi: Shi ke nan. Hawan tsauni a ƙafa. Amma kakar nan ban yarda da ita ba. Kakarmu girbi ce, sabon gero, ɗanyar gyaɗa, damina na sallama. Tasu ganye ne ke yin ja da ruwan ɗorawa yana zuba. Mu sai hunturu ya shigo bishiya ke kaɗe ganye, gawo ma da damina yake zubar da nasa.

Ɗan Obalende: Su ma lokacin suke girbi, watannin kuma sun zo ɗaya. A ce kakar Turawa, a ƙara jimla guda kan ganyen.

Baba Mai Ƙamus: Kakar na amince. "Hawan tsauni a ƙafa" kuwa bayani ne, kalma huɗu a wurin ɗaya. In gobe aka ce miki "hiker" fa? Ni ina da mai taka-tsauni a hannu.

Malamar Agege: Na gode Baba, na gode kowa. Na sa "hawan tsauni a ƙafa" a farko, sauran wuraren "hawa" kawai. Taka-tsauni zan gwada ta a kan 'yan ajina ranar Litinin in ji ko za ta zauna a bakinsu.

Baba Mai Ƙamus: Ki faɗa musu sau uku kafin ki yanke hukunci. Kuma da karan ɗori a tsakiya ake rubuta ta.