Shekara 9 ina riƙe wayar kamfani ɗaya, yanzu tana neman kashe mini kasuwa

Tela_TudunWada:
Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a Tudun Wada, nan Zariya. Tun 2016 wayar kamfani ɗaya nake saye, wannan ce ta huɗu. Ba zan kama suna ba, don ni na sa uwargida da ƙannena biyu suka sayi irinta, har yaran shago na tsokanata wai kamfanin na biyana albashi.

Ana saura kwana goma ƙaramar Sallah, lokacin da muke kwana a kan keke, waya ta ce a sabunta tsarinta. Na danna, ta lashe mini data kusan giga 2. Tun ranar ban sake jin daɗinta ba. Batirin da ke kai ni isha'i yanzu kafin la'asar ya mutu. In na buɗe kyamara zan ɗauki aikin wuyan riga in tura wa mai kaya, sai ta tsaya tana tunani kamar wanda aka zo karɓar bashi wurinsa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne saƙon WhatsApp ba ya shigowa sai na buɗe manhajar da hannuna. Wani Alhaji daga Kaduna ya turo awon yaransa uku da safe, ban gani ba sai bayan magariba, ya riga ya kai wa wani telan. Shadda yadi goma sha biyar ke nan ta wuce ni. Ga kuma wasu manhajoji wajen takwas da ta zo da su, ba sa goguwa, ba abin da suke yi sai jefo mini talla.

Shekarar wayar 2 da rabi. Tsarin ne ya lalata ta, ko tsufa ne? In haƙura da su in koma wani kamfanin?

MaiGyara_PZ:
Wa alaikumus salam Malam. Abu biyu ne suka haɗe maka. Batirin waya, in aka yi masa cikakken caji wajen sau 500, ƙarfinsa kan sauko zuwa kusan kashi 80 cikin ɗari, kuma taka ta wuce nan tuni. Zafi ma na cinye shi. Na san shagon tela: waya na jone a caji kusa da dutsen guga, ga zafin Maris da Afrilu, ga ana kallon bidiyo a kanta. Duba bayanta, in murfin ya fara ɗagowa batirin ya kumbura, kada ka ƙara kwana da shi.

Maganar saƙo kuwa ba tsufa ba ne. Tsarin ne ke kashe manhajojin da ba a buɗe ba wai don tattalin batir. Shiga saiti, ɓangaren batir, ka nemo WhatsApp ka cire masa takunkumi. Manhajojin da suka ƙi goguwa, yawancinsu ana iya dakatar da su daga saiti ko a toshe sanarwarsu. Sannan ka kwashe hotunan ɗinki zuwa memori, waya in ta cika maƙil dole ta yi nauyi. Wanda ya ce zai mayar maka da tsohon tsari, ka sani sai an share komai na ciki.

Ɗalibar_Samaru:
Baba tela, in har za ka canza, kada ka tsaya kan yawan kyamara. A wayoyin Android, Google ke fitar da sabon tsari kowace shekara, amma wanda ya ƙera wayar ne ke gyara shi ya dace da ita, shi ke yanke tsawon lokacin da zai ci gaba da aiko da gyara. Google ya yi alƙawarin sabuntawa na shekara 7 a wayarsa Pixel 8 a 2023, Samsung ma haka a Galaxy S24 a 2024. Sai dai kuɗinsu ya isa sayen keken ɗinki, ba ɗaya ba. Ko ƙarama za ka saya, tambayi shekara nawa za a riƙa sabunta ta.

Dattijon_ƘofarDoka:
Ɗana, ka ba ni dariya da batun albashi. Mun ga masu BlackBerry suna yanga da lambar BBM, wato manhajar saƙonsu, a Janairun 2022 aka rufe hidimar tsofaffin wayoyin. Masu Windows Phone kuma WhatsApp ya bar su a ƙarshen 2019. Ni dai mai tocila nake sawa a aljihun gaba, babbar kuma jikoki ke fama da ita.

Tela_TudunWada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cire takunkumin, yanzun nan saƙo uku suka shigo a jere, ɗaya ma tun na hantsi. Murfin kuwa ya ɗan ɗago ta gefen hagu, da ina zaton faɗuwar da ta yi ce. MaiGyara, gobe bayan azahar kana shago? Kuma ta yaya zan gane batir na ainihi, don na ji jabu ya cika kasuwa.