Kifayen tetra sun daina yawo tun da na kawo barb

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu kiwon kifin ado, don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya ishe ni.

Tankina na lita 80 ne, zafin ruwan digiri 25. Ina da neon tetra takwas da corydoras huɗu masu kiwo a ƙasa, kuma da lafiya lau suke zaune. Makonni uku da suka wuce na ƙaro tiger barb guda uku. Tun daga ranar tetra suka dunƙule a lungu bayan ciyawa, abinci ma sai a sace suke ci. Jiya na ga wutsiyar ɗaya a yage kamar an sa almakashi, shuɗin layin jikinta ma ya dusashe.

Na gwada ruwa, amoniya da nitirit (gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi) duk sifili. Na canja rubu'in ruwan, na ƙara duwatsu. Shiru.

Wani ya ce mini in barb ba su kai shida ba, kan sauran kifi suke hucewa. To in na ƙaro uku, lita 80 za ta ɗauke su kuwa? Ko dai in raba musu tanki kawai? Gaskiya ba na son rabuwa da barb ɗin.