Neman shawara: an damƙa mini sabar kamfani, ta ina zan fara?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar nan. Ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, kwamfutocinmu sun kai arba'in tsakanin ofis da sito. Aikina gyaran kwamfuta ne, ɗora Windows, jan waya, da duba firinta in ta ƙi. Wanda ya kafa mana saba, wato babbar kwamfutar da sauran suke dogara da ita, ya ajiye aiki, sai manaja ya kira ni ya ce daga yau ita ma tana hannuna. Abin da aka miƙo mini takarda ce guda mai ɗauke da kalmar sirrin babban akawun.

Sabar ɗaya ce tal, Windows Server 2012 R2. Ita ke riƙe da Active Directory, wato kundin akawun da izinin shiga na ma'aikata, a cikinta kuma fayilolin sashen kuɗi suke. Abin da ya fi tayar mini da hankali, duk ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba har inbata ta mutu, da safe sai wasu su shiga kwamfutarsu amma foldar da ake rabawa ta ƙi buɗuwa, wasu kuma shigar ma sai sun yi ta jira. Ta ina zan fara koyo? Wace takardar shaida ya kamata in nema? Ina son aikin nan ƙwarai, amma ina tsoron in taɓa wani abu in jefa mutane cikin asara.

Wani tsohon hannu daga Kaduna:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoron nan naka shi ne alamar za ka iya. Ajiye maganar takardar shaida tukuna. Yau ɗin nan, kafin ka karanta komai, sayo faifan ajiya na waje, ka buɗe Windows Server Backup ka ɗauki cikakken kwafin sabar, ka tabbata System State yana ciki, domin a nan kundin Active Directory yake. In ya gama ka zare faifan ka kai shi wani ɗaki. Kwafin da ke jone da saba kullum, duk abin da ya ci sabar zai iya cin sa.

Ciwon da ka bayyana kuwa, zargina biyu ne: agogo da DNS, wato tsarin da ke gaya wa kwamfuta adireshin wata daga sunanta. Shiga domen, wato rukunin kwamfutocin da sabar ke kula da su, yana tafiya ne da tsarin tantancewa na Kerberos, shi kuma in bambancin lokaci tsakanin saba da kwamfuta ya wuce minti 5 sai ya ƙi ba da izini. Saba mai shekaru haka, ƙaramin batirin da ke kan allonta, CR2032 ɗin nan, yana iya mutuwa, sai agogo ya rikice duk sanda wuta ta yanke gaba ɗaya. Me ya sa mutane ke shiga kwamfuta duk da haka? Saboda Windows tana tuna shigarsu ta baya, sai ta buɗe musu ba tare da ta tambayi saba ba. Amma foldar da ake rabawa dole sai da izinin saba, shi ya sa take ƙi. Gobe da asuba kafin kowa ya zo, duba agogon sabar.

Sannan je kan kwamfutar da ke jinkiri, rubuta ipconfig /all ka ga adireshin DNS da take amfani da shi. In ka ga 8.8.8.8, wato DNS ɗin Google, ko adireshin rauta, to ga ɓarawon nan. Kwamfuta ba ta sanin inda sabar domen take sai ta tambayi DNS, kuma DNS ɗin Google bai san kamfaninku ba. Kowace kwamfuta sabarku za ta nuna, ita sabar ce za ta riƙa tura tambayoyin waje gaba.

Batun koyo, ba a koyon tuƙi da tirela mai ɗauke da kayan mutane. Microsoft na ba da Windows Server na gwaji kyauta na kwana 180. Nemi kwamfuta mai RAM 16GB, ɗora VirtualBox ko Hyper-V, ka gina saba biyu da kwamfutar ma'aikaci ɗaya a cikinta. Ka ware hanyar sadarwarsu ta zama ta cikin gida zalla, kar ta haɗu da ta ofis, don in DHCP ɗin gwajinka ya fara raba adireshi ga ma'aikata, ranar ba wanda zai yi aiki. A nan za ka ƙirƙiri akawun, ka kasa mutane rukuni-rukuni, ka gwada Group Policy (hanyar ɗora dokoki a kan kwamfutoci da yawa daga saba), ka goge abu da gangan ka dawo da shi daga kwafi. Wannan na ƙarshen shi ya fi komai, ka maimaita shi har hannunka ya saba.

Wata 'yar uwa, mai aikin tsaron kwamfuta:

Malam ya gama magana a kan DNS. Ni kalmar "ɗaya tal" ce ta tsaya mini a rai. A ranar 27 ga Yunin 2017 cutar kwamfuta da ake kira NotPetya ta faɗa wa Maersk, babban kamfanin jiragen dakon kaya na ƙasar Denmak. Sabobin domen ɗinsu na duniya suna kwafar juna, to da cutar ta zo sai ta share su tare. Guda ɗaya ta tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin, tana kashe. Daga wannan faifan aka sake tayar da kundin kamfanin, aka kawo shi Najeriya hannu da hannu kafin a wuce da shi Ingila. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sai da suka sake ɗora saba 4,000 da kwamfuta 45,000.

Abu biyu nake so ka gani a nan, ɗan uwa. Kana buƙatar saba ta biyu don in ɗaya ta kwanta aiki ya ci gaba. Amma saba ta biyu ba ta maye gurbin kwafin da aka zare aka ajiye, tunda duk ɓarnar da ta shiga ɗaya tana iya isa ga ɗayar.

Kuma kalmar sirrin da aka ba ka a takarda, wanda ya tafi ya san ta, wataƙila da wasu. Buɗe wa kanka akawun na shugabanci daban da wanda kake duba imel da shi. Kafin ka canza ta babban akawun, duba ko akwai manhajar lissafi ko wani aiki na dare da ke tafiya da sunansa, in ba haka ba su tsaya cak. Duba rauta ko an buɗe ƙofa ta 3389, wadda ake shiga kwamfuta daga nesa ta cikinta, ga duniya, in an buɗe ka rufe. Duba ko an bar manhajojin shiga daga nesa irin su AnyDesk ko TeamViewer a kan sabar. Akawun ɗin ma'aikatan da suka bar aiki ka dakatar da su, kar ka goge tukuna.

Wani ɗan uwa daga Abuja:

Ni dai gaskiya ina ganin wahalar da kai ne. Kamfani mai mutum arba'in me zai yi da saba a sito, ga zafi ga ƙura ga rashin wuta? Ku koma Microsoft 365 da Entra ID, wanda a da ake kira Azure AD kafin a canza masa suna a 2023. Akawun yana kan intanet, fayiloli ma haka, ba ruwanka da batirin agogo. Takardar shaida kuma, kar kowa ya karɓi kuɗinka da sunan MCSA ko MCSE, Microsoft ta rufe su tun Janairun 2021. Darussan Microsoft Learn kyauta ne, shiga ka ga jarrabawar da ake yi yanzu a kan Windows Server.

Wani ɗan uwa mai amfani da Linux:

Yallaɓai na Abuja, maganar MCSA gaskiya ce, amma sauran ban yarda duka ba. Microsoft 365 kuɗin wata-wata ne a kan kowane mutum, kuma farashin yana bin dala. In intanet ya yanke a sito, fayilolin fa? Sannan tsofaffin manhajojin lissafi da yawa saba ta cikin gida suke nema. Ko da za a koma can wata rana, wanda bai fahimci akawun da rukuni da izini ba, ruɗanin zai kwasa ya tafi da shi.

Ƙanena, in kuɗin lasisi ne matsala, ka sani manhajar Samba tun fitowar 4.0 a 2012 tana iya zama sabar domen a kan Linux, kyauta. Ba na ce ka sa ta a ofis yanzu ba. Ka gwada ta a ɗakin gwajinka bayan ka ƙware a ta Windows, za ta nuna maka cewa LDAP da Kerberos da DNS ne ke aiki a ƙarƙashin tagogin nan.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Malam na Kaduna, na duba kamar yadda ka ce. Rauta ce ke raba adireshi, kuma 8.8.8.8 take bayarwa a farko, sabar tana ta biyu. Agogon sabar ma na tarar ya kauce sosai. Na ɗauki kwafi na kai ofishin manaja. Hajiya, ƙofar 3389 a buɗe take, na rufe. Saura abu ɗaya: na yi wa manaja maganar saba ta biyu, ya ce wadda ke akwai ai tana aiki. Yaya zan fahimtar da shi ba tare da ya ga kamar kuɗi nake son kashewa ba?

Tsohon hannu daga Kaduna:

Madalla. Ina kyautata zaton wanda ya gabace ka ya sa 8.8.8.8 ne don in saba ta mutu intanet kar ya tsaya. Da ka cire shi, duk sanda sabar ta kwanta, buɗe shafuka ma zai tsaya wa kowa. Ka cire ɗin, amma ka gaya wa manaja wannan tun kafin ya faru, shi kansa hujja ce.

Kar ka je masa da sunayen fasaha. Rubuta masa shafi guda: in akwatin nan ya ƙone yau, sashen kuɗi ba zai buɗe fayil ba, ba za a fitar da rasit ba, ga kwanakin da za a ɗauka kafin a samo wani, shi ya ƙiyasta cinikin da za a rasa. Ƙara masa da cewa Microsoft ta daina tallafa wa 2012 R2 tun 10 ga Oktoban 2023, ke nan ramukan tsaron da aka gano bayan nan ba a toshe su a sabarku. Ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafi. Ka kuma saka kuɗin lasisin CAL, wanda ake biya a kan kowane mutum ko na'urar da ke amfani da sabar, a cikin lissafin tun farko, kar ya fito daga baya ya ga kamar ka ɓoye.

In ya amince, kar ka ɗora sabuwar Windows a kan tsohuwar. Kawo sabuwar saba mai 2019 ko 2022, shigar da ita domen, ɗaga ta ta zama mai kula da domen ita ma. Kafin nan ka gudanar da dcdiag, umarnin da ke duba lafiyar sabar domen, ka kuma tabbata SYSVOL, foldar da sabobin domen ke kwafa wa juna, yana kan sabon tsarin kwafi na DFSR, domin 2019 ba ta karɓar tsohon tsarin FRS. Windows Server 2025 kuwa matakin domen na 2016 take nema, ba za ka yi tsalle kai tsaye daga inda kake ba. In repadmin /replsummary ya nuna suna kwafar juna lafiya, sai ka mayar da muƙaman FSMO guda biyar, wato ayyuka na musamman da saba ɗaya kaɗai ke riƙe kowannensu, kan sabuwar, ka saita wadda ke riƙe da muƙamin PDC daga cikinsu ta riƙa karɓar lokaci daga waje, tunda duk gidan daga gare ta yake saita agogo. Daga nan ne za ka sauke tsohuwar ta hanyar da ta dace, ka goge ta, ka sake ɗora mata sabuwa ta zama ta biyu in ƙarfinta ya kai. Duk wannan ka yi shi a ɗakin gwaji daga farko har ƙarshe, sannan ka zaɓi daren Asabar da ba kowa a ofis. Ka turo mana abin da dcdiag ya fitar tukuna, amma ka share sunan domen da adireshinku kafin ka ɗora a nan.