Neman shawara: dokina yana zabura idan ya ga raƙumi ko leda a hanya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da ingarma bikili mai shekara 6 da nake horarwa domin doguwar tafiya, kuma yanzu yana cin kilomita 40 ba tare da ya galabaita ba. Damuwata ita ce firgita. Ranar Asabar muna bin burtali da sanyin safiya, sai raƙumi ɗauke da buhunan gero ya ɓullo daga bayan wata kuka. Dokin ya kafa kunnuwa, ya yi huci, ya zabura gefe har ƙafata ta fita daga likkafa, na faɗi a kan kafaɗa. Haka yake yi wa baƙar leda idan iska ta ɗebo ta. An ce in sa masa linzami mai kaifi in haɗa da bulala, amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba.

Wani dattijo mai kiwon dawaki:
Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya kiyaye gaba. Kada ka doke shi, domin idan zafin bulala ya haɗu da ganin raƙumi, gobe abu biyu zai ji tsoro. Dokin da kake gani a hawan sallah yana tsaye 'yan bindiga suna harbi kusa da shi, ba haka aka haife shi ba, sabo ne. Ka nemi mai raƙumi ya ɗaure nasa a fili, kai kuma ka riƙe dokin da ragama, ka tsaya a nisan da zai iya kallonsa amma bai daina cin harawa ba. Da zarar ya sauke kai ya fara tauna, ka juya da shi ku tafi, washegari ku matsa kaɗan. Bayan kwanaki sai a ja raƙumin gaba kuna binsa a baya, domin doki yana samun ƙarfin zuciya idan ya ga abin tsoron ne yake nisantarsa. In da tsohon doki mai natsuwa, ka sa shi a gaba.

Likitan dabbobi:
Baba ya faɗi gaskiya. Idanun doki a gefen kai suke, yana gani kusan ko'ina sai daf da goshinsa da bayan wutsiyarsa, saboda haka ka nuna masa ledar ta dama, ka sake nuna masa ta hagu, kada ka ɗauka gefe ɗaya ya wadatar. A gasar doguwar tafiya ta hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda mafi tsawonta a yini ɗaya kilomita 160 ne, ana so bugun zuciyar doki ya sauka zuwa 64 a minti ɗaya kafin likita ya bar shi ya ci gaba, dokin da ke yawan razana kuwa nasa yakan daɗe bai sauka ba. Ka kuma duba bayansa ko sirdi ya ji masa ciwo, ka rage masa dawa ranar da ba ya aiki.

Wani mahayi:
Ɗan'uwa, idan abin ya same ka a hanya kada ka ja linzami da hannu biyu, tabariya zai yi. Ka karkato kansa da hannu ɗaya ya fuskanci abin, in ya ƙi ka sauka ka ja shi ku wuce. Ka riƙa sa hular kwano.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, minti nawa zan riƙa yi kullum?

Dattijon:
Minti 15 ya isa, ɗana, kuma ka tsaya a lokacin da yake natse, kada ka jira sai ya sake zabura.