Gammo, ba faifai ba

Jama'ar zango, ku taya ni da kalma. Makon jiya na raka Kawu wajen likitan ƙashi a nan Kumasi, ni ne tafinta. Likita ya ɗaga hoton baya, ya nuna tsakanin ƙashi na 4 da na 5 na ƙugu, ya ce "disk" ɗin wurin ya cinye. Na ce wa Kawu faifai. Ya dube ni: "Faifai a bayana, ɗana?" Gaskiyarsa. Faifai siffa kawai ya kama, bai faɗi aiki ba. Guringuntsi kuma har a kunne akwai shi.

A hanyar gida, ta kasuwar Kejetia, na ga wata 'yar dako ta naɗe tsumma, ta aza a ka, sannan aka ɗora mata kwanon doya. Gammo! Abu mai taushi tsakanin tauri biyu, yana shanye nauyi, yana barin wuya ya juya. Aikin da Allah ya ba wancan abu ke nan tsakanin ƙashi da ƙashi.

Da kalmar gammo ta zauna, sunayen tiyatar da ake yi wa wurin suka zo da sauƙi. Tsohuwar tiyatar, wadda ake cire gammon a ɗaure ƙasusuwa biyu da ƙusoshi da sanduna har su zama ɗaya, na kira ta waldar ƙashi. Duk wanda ya taɓa shiga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda, ya gane. Gaɓar ta daina motsi, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta na sama da ƙasa.

A sabuwar tiyatar kuwa ana sa gammon roba mai tauri tsakanin farantan ƙarfe biyu, ta gaba ake shiga, ta ciki, gaɓar ta ci gaba da lanƙwasa. A asibitin Charité na Balin aka ƙirƙiro irinsa a farkon shekarun 1980, Amurka ta amince da shi a 2004. Ba kowa ake yi wa ba: mai raunin ƙashi, ko wanda ƙananan gaɓoɓin bayansa suka cinye, bai dace ba.

Wani malami a Aboabo ya ce mu kira ta dashen gammo. Ban yarda ba, Malam. Dashe na sa mutum ya tuna ƙoda, ya zaci daga jikin wani za a ciro. Ni sauyin gammo na tsaya a kai.

Saura sunan da zai haɗa duk tiyatar da ba ta kashe motsi. Ina da "tiyatar raya gaɓa" a hannu, amma bai kwanta mini ba tukuna. Wa ke da wanda ya fi shi?